Muhawara: a ina ya kamata a ɗaura makunnan da ke tsayar da fulaf a jirgin RV-7 haɗin gida?

Baban Nabila:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina harhaɗa ƙaramin jirgin sama samfurin RV-7 na kamfanin Van's Aircraft a garejin gidana da ke jihar Tekzas a Amurka, kuma yanzu aiki ya iso kan fulaf, wato leɓen nan na bayan fiffike da ake saukarwa domin jirgi ya iya rage gudu lokacin sauka ba tare da iska ta sake shi ba. Tsarin da ya zo da kayan ba shi da wuya. Moto ɗaya ne na lantarki a bayan kujeru yake tura sanda, sandar tana juya wani bututun ƙarfe da ya ratsa jirgin daga wannan gefe zuwa wancan, shi kuma bututun yana saukar da fulaf na dama da na hagu a tare har wajen digiri 40. Muddin yatsan matuƙi yana kan makunni moto yana tafiya, da zarar ya ɗaga sai ya tsaya.

Abin da nake so shi ne in taɓa makunni sau ɗaya fulaf ya sauka digiri 10 ya tsaya da kansa, in sake taɓawa ya je 20, a karo na uku ya je 40. Na sayi ƙananan makunnai guda huɗu, irin masu 'yar taya a bakin hannunsu. Tambayata biyu ce. A jikin sandar moto zan ɗaura su ko a jikin bututun? Sannan ko zan iya ratsa wutar moton ta cikinsu kai tsaye, tunda an rubuta amf 10, wato yawan wutar da zai iya ɗauka, a jikin kowanne?

Sajan Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi wa wannan aiki albarka. Ba baƙon jirgi ka ambata mini ba, domin Air Beetle da rundunar sojan saman Najeriya ta yi amfani da shi wajen koyar da tuƙi a Kaduna daga RV-6A aka samo shi, guda 60 aka yi oda, kuma a nan Kaduna aka harhaɗa su. RV-7 ɗinka ƙanensa ne.

Kafin a shiga maganar inda za a ɗaura, ni tambayata ita ce me ya sa za a ɗaura. A wannan jirgi fiffike yana ƙasa da kai, rufin mazaunin matuƙi kuma gilashi ne gaba ɗaya, idan ka waiga kafaɗarka ta hagu fulaf yana nan kana kallonsa. Masu irin jirgin da yawa suna zana layuka a jikin fulaf ɗin da fenti, ɗaya a digiri 10, ɗaya a 20, yadda kowane layi zai leƙo daga ƙarƙashin fatar fiffike idan an kai wurinsa. Gani ya kori ji. Layin fenti ba ya tsinkewa, ba ya cin wuta, ƙura ba ta hana shi aiki. Kowane makunni da ka ƙara, ka ƙara wayoyi biyu da sukurori biyu da abin da za a riƙa dubawa duk shekara.

Kyaftin Ɗan Damagaram:
Ranka ya daɗe Baba Sajan, maganarku gaskiya ce da rana tsaka, amma ku ba ni dama in kare Baban Nabila. Lokacin da ake buƙatar fulaf shi ne lokacin da idon matuƙi ya fi yawan aiki: yana kallon titin sauka, yana kallon ma'aunin gudu, yana magana a rediyo, yana neman wani jirgin da aka ce yana gabansa. Da dare kuwa layin fenti ba ya ganuwa. Kamfanin jirage na Cessna ma ya sanya wa samfurin 172N na 1977 hannun da matuƙi ke ajiyewa a matakin da yake so, ƙananan makunnai a bayan allon gaba su tsayar da moto idan fulaf ya iso. Dubban ɗalibai sun koyi tuƙi da wannan tsari. Saboda haka abin da yake nema ba ƙawa ba ce.

Inda nake da damuwa shi ne lokacin fasa sauka. Idan jirgi yana dab da ƙasa da fulaf 40 aka ba shi wuta domin a sake tashi, ba a so fulaf ya naɗe gaba ɗaya a lokaci guda, don jirgin zai ɗan nutse kafin gudunsa ya ƙaru. Duk tsarin da za a yi, dole ne matuƙi ya iya tsayar da fulaf a tsakiyar hanya, ko yana sauka ko yana hawa.

Mai Wayarin Ƙofar Ruwa:
Ni ban taɓa sa hannu a jirgi ba, wayarin motoci nake yi a Kano, amma Baban Nabila, tambayarka ta biyu ta shigo gonata. Kada ka ratsa wutar moto ta cikin waɗannan ƙananan makunnai. Ka sake duba rubutun jikinsu da kyau, za ka ga amf 10 ɗin nan na wutar gida ne, wadda ke kai da komowa, tana ratsa sifiri sau 100 ko 120 a kowace daƙiƙa, shi ya sa tartsatsin da ke tashi idan makunni ya buɗe yake mutuwa da kansa. Wutar batir hanya ɗaya take bi, tartsatsinta yana daɗewa, ga shi moto yana mayar da wuta baya idan an yanke masa. A hankali bakin makunnin zai ƙone, ko ya daina kamawa, ko kuma ya manne, wanda shi ne mafi muni, domin moton ba zai tsaya inda aka ce ya tsaya ba.

Ka yi irin haɗin gilashin ƙofar mota, da rile biyu masu ƙafa biyar, wato makunnan da ƙaramar wuta ke motsawa domin su buɗe ko su rufe hanyar babbar wuta. Kowace waya ta moto ta shiga ƙafar tsakiya ta rile ɗaya. Ƙafar da rile ke kwanciya a kai idan ba wuta ka kai ta negetif, ɗaya ƙafar kuma fozitif. Idan ka kunna rile na farko moto ya yi gaba, idan ka kunna na biyu ya yi baya. Su ƙananan makunnan naka sai su zauna a layin kwayil ɗin rile, wato naɗaɗɗiyar wayar cikinsa da ke sa shi ya kama, wanda abin da yake ja bai kai rubu'in amf ba.

Wannan haɗi yana da fa'ida biyu da ba kowa ke lura da su ba. Idan rile biyun suna kwance, wayoyin moto biyu suna haɗe da juna ta negetif, wannan kuma birki ne, moton zai tsaya da sauri maimakon ya ci gaba da gangarawa. Idan kuma aka yi rashin sa'a duka biyun suka kama a lokaci guda, wayoyin biyu fozitif za su samu, babu abin da zai motsa, babu abin da zai ƙone.

Injiniya Ummu Sadik:
Malam Mai Wayarin ya gama maganar rile, ba abin da zan cire. Zan ƙara masa dayod ɗaya, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a kan kowane kwayil, irin 1N4001 ko 'yan uwansa, zoben jikinsa yana fuskantar fozitif, domin ya shanye wutar da kwayil ke mayarwa. Amma kada a sa irin wannan dayod a kan moton kansa, tunda wutarsa tana juyawa. Ranar da aka juya ta, dayod ɗin zai zama gajeriyar hanya ya faɗar da bireka, wato makunnin tsaro da ke yanke wuta idan ta yi yawa. Maganar waya kuma, a yi amfani da ta jirgi mai rigar roba ta Tefzel, lamba 18 ga moto, lamba 22 wadda ta fi siranta ga makunnai. Babi na 11 na littafin AC 43.13-1B na hukumar sufurin sama ta Amurka ya nuna cewa bireka mai amf 10 ce iyakar waya lamba 18, mai amf 5 kuma iyakar lamba 22. Don haka idan kwayil da moto za su sha daga bireka guda, wayar da ta fi siranta ita ce za a yi wa lissafi, in ba haka ba a ba layin kwayil nasa fis daban.

Yanzu ga abin da Baban Nabila bai tambaya ba, kuma shi ne zai ɗaure masa kai idan ya zo haɗawa. Makunnin iyakar sama da na iyakar ƙasa ba su da matsala, domin kowanne hanya ɗaya kawai yake tarewa: na ƙasa yana yanke rile mai saukarwa, mai hawa yana nan da ransa. Na tsakiya ne ke da wuya. A ce fulaf ya zo digiri 10, 'yar tayar ta faɗa cikin gurbin da aka yanka mata, makunni ya buɗe, moto ya tsaya. To yanzu makunnin a buɗe yake, da me za a tashi moton ya tafi 20? Dole ne makunnin hannun matuƙi ya tsallake shi, ya ba rile wuta kai tsaye na ɗan lokacin da yatsa ke kai. Cikin wannan ɗan lokaci sanda ta motsa, tayar ta fito daga gurbi, makunni ya rufe, sai rile ya ci gaba da riƙe kansa ta cikinsa har gurbi na gaba. Da wannan dabara makunni ɗaya ya ishi matakan tsakiya duka, muddin an yanka gurabu a jikin 'yar sanda mai tafiya tare da sandar moto. Shi kuma layin da rile ke riƙe kansa da shi, a ratsa shi ta inda danna makunni sama zai yanke shi nan take. Wannan ne amsar damuwar Kyaftin.

Baban Nabila:
Na gode ƙwarai, Injiniya. Na zana abin da kika bayyana a takarda, na bi shi da yatsa, kuma ya zauna. Ke nan makunnai uku nake buƙata, ba huɗu ba. Wani abu da na lura da shi a moton da ke hannuna: idan sanda ta kai ƙarshe, a sama ko a ƙasa, ba ya cijewa, sai ya ci gaba da juyawa a banza. Ko hakan na nufin zan iya barin makunnan iyaka, in sa na tsakiya kaɗai?

Injiniya Ummu Sadik:
A tsarin asali ana iya barinsu, saboda yatsanka ne iyaka, kana ɗagawa ya tsaya. A tsarin da kake son yi rile yana riƙe kansa, idan babu abin da zai yanke shi a ƙarshe, moton zai yi ta juyawa har ka sauka, ga ƙarar inji ba za ta bari ka ji shi ba. Sai ka sa su. Ka kuma yi amfani da ƙafafun makunnin da ke rufe idan ba a taɓa shi ba, yadda idan waya ta tsinke moto tsayawa zai yi. Jirgin nan yana sauka lafiya ba fulaf, titi kawai zai ɗan ƙara ci.

Sajan Mai Ritaya:
Tunda matasa sun rinjaye ni, bari in ba da abin da nake da shi a kan tambayar farko. Ɗana, ka sani cewa duk inda ka ɗaura makunnan nan a cikin jirgi, labarin moto za su ba ka, ko labarin bututu, ba labarin fulaf ba. Tsakanin bututun da kowane fulaf akwai 'yar gajeriyar sanda da ke ratsa gefen jirgi ta wani rami, da noti a kowane bakinta. Idan ta gefe ɗaya ta kwance, bututu zai juya daidai, makunni zai yi ƙas a kan lokaci, fitilarka za ta ce digiri 20, alhali fulaf ɗaya ne ya sauka, jirgi kuma ya fara kifewa gefe. Ka sa makunnanka, amma ka zana layin fentin nan a duka ɓangarorin biyu, kuma duk lokacin da ka taɓa fulaf ka ji jirgi yana karkata, ka mayar da shi inda yake kafin ka tsaya tunani.

Na biyu, akwai sanarwar gyara da Van's ya fitar a 2007 a kan bakin sandar moton fulaf, cewa a huda a ɗaure shi da wayar tsaro domin kada juyawar sanda ta kwance shi. Ka nemi takardar ka karanta kafin ka rataya wani abu a wurin, kada maƙalin da za ka ƙera ya hana ka ɗaura wayar ko ya rufe ta yadda ba za a gan ta ba lokacin dubawa.

Idan zaɓi ne tsakanin biyun, ni sandar moto na fi so. Tafiyarta doguwa ce, gurabun za su sami tazara, kuskuren milimita ɗaya ba zai zama digiri da yawa ba. A jikin bututu kuwa, abin da za ka ɗaure da kilam yana iya zamewa a kan fenti, kuma ba na son a huda bututun da ke ɗauke da nauyin fulaf biyu saboda makunni.

Ɗalibin Zariya:
Gafara dai manya, ina koyon gyaran jirgi ne, kuma ina bin wannan muhawara da littafi a hannu. Tambayata ita ce, idan fulaf yana tafiya digiri 40, me zai hana a auna tsawon tafiyar sanda a raba huɗu, gurbin farko a rubu'i, na biyu a rabi?

Sajan Mai Ritaya:
Yaro, tambayarka mai kyau ce. Sanda a miƙe take tafiya, hannun bututu kuwa kewaye yake yi, sannan akwai wani hannun da wata sandar kafin a isa fulaf. Inci ɗaya a farkon tafiya da inci ɗaya a ƙarshenta ba digiri ɗaya suke bayarwa ba. Ba a kan tebur ake yanka gurabun nan ba. A jira sai an ɗaura fiffike an daidaita fulaf a sama, a ɗora ma'aunin kwana a bayansa a mayar da shi sifiri, a saukar a hankali har ma'auni ya nuna 10, a sa alama a jikin 'yar sandar daidai inda taya ta tsaya, a yi haka a 20. A fara yin gwaji da sandar banza kafin a yanka ta gaske. A kuma gwada ta fuska biyu, ana sauka da ana hawa, domin makunni ba a wuri ɗaya yake buɗewa da rufewa ba, akwai 'yar tazara a tsakani.

Iyakar ƙasa kuma a kula da ita sosai. A jiragen RV goshin fulaf yana shiga ƙarƙashin fatar saman fiffike. Idan ya wuce kima wajen sauka, ko wani ya jingina da shi yana hawa jirgi, goshin yana iya fitowa ya hau kan fatar, kuma idan aka naɗe a haka moton yana da ƙarfin da zai lanƙwasa ta. Ka sa makunnin ƙasa inda goshin zai rage da saura a ciki, ka tura fulaf ɗin da hannu ka tabbatar ba ya fitowa.

Injiniya Ummu Sadik:
Adalci ne a ambaci ɗaya hanyar, domin da yawa daga masu haɗa jirgi ita suke bi. Maimakon makunnai ana sa sensa mai zamewa, wato abin auna matsayi, kamar POS-12 na kamfanin Ray Allen, wanda ke da wayoyi uku kuma sandarsa tana tafiya inci 1.2, wato kimanin milimita 30. Shi ba mataki uku kawai ya sani ba, kowane matsayi yana faɗa, sai na'ura irin VP-X ta Vertical Power ko GAD 27 ta Garmin ta karanta ta tsayar da moto inda aka tsara mata, allon gaba kuma ya nuna matsayin. Idan an canja ra'ayi daga digiri 10 zuwa 15, a allo ake gyarawa, ba sai an yanka sabuwar sanda ba.

Wahalarsa ita ce gajertar tafiyarsa, dole a haɗa shi kusa da cibiyar juyawar bututun. A misali, idan bututu yana juya digiri 40 aka haɗa sensa a nisan milimita 40 daga cibiya, tafiyar za ta kama milimita 27, ta shiga cikin 30 da ɗan rara. Idan aka matsa waje kaɗan, moto zai ja sensa ya wuce iyakarsa ya ɓalle shi. Saboda haka a auna juyawar bututun na gaske, kada a ɗauka daidai take da ta fulaf.

Kyaftin Ɗan Damagaram:
Akwai abu ɗaya da ke sa ni karkata wajen na'urar Injiniya. Iyakar gudun da aka yarda a saukar da fulaf a RV-7 mil 110 ne a awa har zuwa digiri 20, mil 100 kuma idan za a saukar duka, alhali jirgin yana tafiyarsa ta yau da kullum a kusan ninki biyu na haka. A tsarin asali, idan gwiwar fasinja ta goga makunni, fulaf zai ɗan motsa ya tsaya. A tsarin taɓawa ɗaya, gogawar nan umarni ce cikakkiya, fulaf zai tafi har digiri 10 a gudun da ba a gina shi domin ya ɗauka ba. VP-X tana iya karɓar gudun jirgi daga allon gaba ta ƙi saukar da fulaf idan an wuce iyaka. Rile ba shi da wannan wayo. Idan Baban Nabila zai tsaya a kan rile, kada ya sa makunnin a kan sandar tuƙi inda tafin hannu ke yawo. Ya sa shi a allo kusa da hannun ba da wuta, da 'yan kunnuwan ƙarfe a gefensa biyu.

Mai Wayarin Ƙofar Ruwa:
Kyaftin, na yarda da kunnuwan ƙarfe. Amma ku tuna cewa rile idan ya mutu ana samunsa a kowace kasuwar kayan mota, a zare a sa wani cikin minti biyar, ita kuwa na'ura sai an jira ta daga kamfani. Shawarata ga Baban Nabila ita ce ya sayi makunnai rufaffu, waɗanda ƙura da ruwa ba sa shiga, ko da sun fi tsada. Mun ga yadda ƙurar hunturu ke haɗuwa da giris ta zama laka a cikin makunnin ƙofar mota, kuma wurin da ya ce moton yake, bayan kujeru ne, inda ake jefa jaka da takalmi. Ya yi wa wurin murfi, ya ɗaure wayoyi nesa da duk abin da ke motsi, ya bar musu ɗan sassauci domin jikin moton kansa yana lilo kaɗan idan sanda tana fita.

Baban Nabila:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan tsaya a kan rile biyu da makunnai uku rufaffu a jikin sandar moto, domin allon da zan sa mai sauƙi ne, ba shi da inda zai karɓi irin na'urar da Injiniya ta ambata. Makunnin hannu zai zauna a allo da kunnuwansa, birekar fulaf kuma irin wadda ake ja da hannu ce, a inda zan kai gare ta ina ɗaure da bel. Wajen naɗewa na fasa barin rile ya riƙe kansa, sai dai in danne da yatsa, yadda a lokacin fasa sauka zan ɗauke fulaf kaɗan kaɗan yadda Kyaftin ya ce. Baba Sajan, layin fenti zai shiga ɓangarorin biyu in sha Allah. Ba zan yanka gurabu ba sai fiffike ya hau. Abin da ya rage mini shi ne zurfin gurbi: nawa ya kamata ya kai?

Injiniya Ummu Sadik:
Takardar bayanin makunnin da ka saya ita za ta gaya maka. Ka duba tazarar da ke tsakanin inda yake yin ƙas idan an danna da inda yake saki, sai zurfin gurbi ya ninka wannan aƙalla sau biyu, don girgizar inji kada ta sa shi yana kamawa yana saki. A wajen gurbi kuma kada sanda ta danne hannun makunnin har ƙarshensa, ka bar masa sauran wurin motsi. Gefen gurbin ka goge shi ya zama gangare, faɗinsa ya ɗan fi 'yar tayar, domin ko da birkin rile moto yana ɗan ƙara motsi bayan an yanke wuta, kuma idan gurbin ya yi ƙunci tayar za ta haye ɗaya bakin ta sake kunna shi ya wuce matakin. Idan ka ƙera maƙalin, turo mana hotonsa daga gefe, moton yana sama da kuma yana ƙasa, mu ga ko 'yar sandar tana tafiya a layi ɗaya da tayar.